Dandalin Registan a Samarkand: wuni ɗaya zai isa?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga mai son zuwa Samarkand ta ƙasar Uzbekistan daga Tashkent, ya ga Dandalin Registan kuma ya ziyarci kabarin Imamu Bukhari, wuni ɗaya zai isa? Da wane lokaci ya fi dacewa a shiga dandalin, kuma me ya kamata a fi zuba wa ido?

Mai_Taswira:
Wa alaikumus salam Malam. Wuni ɗaya zai yi, amma a gurguje. Gara ka kwana, don Registan wuri ne da ake zuwa sau biyu.

Ga dalili. Makarantu uku ne suka kewaye filin, kudu kaɗai aka bari a buɗe. Ta Ulug Beg tana yamma, fuskarta na kallon gabas, saboda haka hasken safe ne ke fito da adonta. Sher-Dor tana gabas tana kallon yamma, ita sai bayan la'asar. Wanda ya zo da tsakar rana ya haɗa wa kansa zafi da cunkoson masu yawon buɗe ido, ga hotuna su fito fari fat. Da dare kuma ana kunna fitilu, kuma daga dakalin da ke kudu ana ganin duka ukun ba sai ka sayi tikiti ba.

Fara da ta Ulug Beg, ita ce babbar yaya, an gina ta daga 1417 zuwa 1420. Mai ita jikan sarki Timur ne kuma masanin taurari, shi ya sa za ka ga zanen taurari a saman ƙofarta. Ka lura da hasumiyoyinta: ɗaya ta taɓa karkacewa har sai da injiniyoyi suka miƙar da ita a 1932. Sher-Dor sai bayan shekara ɗari biyu, 1619 zuwa 1636, aikin gwamna Yalangtush Bahadur. A goshinta akwai wasu namun dawa masu kama da damisa suna bin barewa, da rana mai fuskar mutum a bayansu, abin da ba kasafai ake gani a ginin makarantar addini ba. Ta ukun, Tilya-Kori, 1646 zuwa 1660, sunanta na nufin wadda aka shafe da zinare. Shiga masallacin da ke cikinta ka ɗaga kai: rufin a shimfiɗe yake, zanen ne aka tsara yana ƙanƙancewa zuwa tsakiya har ido ya ɗauka ƙubba ce.

Hajiya_Matafiya:
Ƙari kan bayanin Mai_Taswira, inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne jirgin ƙasa. Afrosiyob, mai gudun nan, awa biyu da 'yan mintoci yake yi daga Tashkent, amma kujerunsa na ƙarewa da wuri, musamman a Afrilu da Mayu da Satumba da Oktoba, lokacin da yanayi ya fi daɗi. Saya ta intanet tun da sauran makonni, da lambar fasfo. A Yuli zafi kan kusanci digiri 40, a Janairu kuma ƙanƙara ce.

Ka kuma duba kalanda: ana yin bikin kaɗe-kaɗe na Sharq Taronalari a cikin filin duk bayan shekara biyu, a ƙarshen Agusta, kuma kujeru da dandamali kan tare wurin tun ana shiri.

Ɗakunan ɗalibai na da a makarantun yanzu shaguna ne. Ciniki ake yi, kada ka biya kuɗin farko. Ka riƙe som, kuɗin ƙasar, a aljihu don ƙananan sayayya, mota kuma ka kira ta manhajar Yandex Go, ya fi jayayya da direba a bakin titi. Takardar rajista da otal zai ba ka, adana ta har ka bar ƙasar.

Almajirin_Hadisi:
Batun Imamu Bukhari, Allah Ya yi masa rahama: kabarinsa ba a cikin gari yake ba, yana ƙauyen Hartang, kimanin kilomita 25 arewa da Samarkand, inda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira. Wannan tafiyar ka sa ta tsakanin hantsi da azahar, daidai lokacin da Registan ba ta da daɗin tsayuwa. Ka yi jinga da direba zuwa da dawowa har da jira.

Kada kuma ka ɗauka za ka tarar da jam'i a Tilya-Kori, yanzu wurin kallo ne. Masallacin Hazrat Hizir da ke kan tudu, gaba da kasuwar Siyob, can ake salla. Daga nan maƙabartar Shahi Zinda ba nisa, inda ake danganta kabarin Ƙusam ɗan Abbas, ɗan baffan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Mai_Taswira:
Haka ne. Kuma in za ka ci plov, dafa-dukar shinkafarsu da karas da nama, nemi ta da azahar. Tukunya ɗaya ake dafawa, kafin la'asar ta ƙare. Kasuwar Siyob ma ba ta ci ran Litinin.