Ta yaya za mu dawo da bayananmu gida ba tare da tsayar da aiki ba?

Assalamu alaikum, masana kwamfuta. Tsadar dizal ce ta sa kamfaninmu a Kano ya rufe ɗakin sabarsa, wato ɗakin manyan kwamfutocin da ke ajiye bayananmu, muka koma haya a wajen wani kamfanin kilaud da ke Turai, wato mai ba da hayar irin waɗannan kwamfutoci ta intanet. Aiki ya yi sauƙi, sai dai da dala ake biya, kuma tun faɗuwar naira a 2023 kuɗin ya fi ƙarfinmu.

Yanzu muna son komawa wata cibiyar bayanai a Legas. A wajen kamfanin na Turai, shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su kuwa sai an biya kan kowace gigabait. Ga shi rumbun bayananmu ba ya hutawa ko da dare. Yaya ake kwashe shi yana aiki, ba tare da cinikin kwastomomi ya salwanta ba? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.