Injinan iska a cikin teku: abin da ƴan Tawa mazauna waje suka gani

Mai kula da zaure, Tawa:
Assalamu alaikum. Tun da aka sanya hannu a 2022 kan yarjejeniyar tashar iska ta Tarka a jiharmu, wadda kamfanin Savannah Energy ya ce za ta iya kai megawat 250, mutane ke tambaya ko irin wannan aiki na iya tsayuwa da ƙafafunsa. Nijar ba ta da teku, amma a cikinmu akwai waɗanda karatu ko neman abinci ya kai su ƙasashen da ke kafa injinan iska a tsakiyar ruwa. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani game da rawar da hukumomi suka taka.

Mai walda, Saint-Nazaire:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina aiki a bakin tashar jiragen ruwa ta wannan gari na Faransa, kuma a gaban idona aka riƙa jibge kayan injinan kafin a loda su. Fiffike guda ya haura mita 70, yana kwance bisa ƙarafan tallafi, ma'aikaci mai jar hula na tafiya a gefensa kamar tururuwa kusa da turmi. Injina 80 aka kafa, ƙarfinsu megawat 480, kuma sun fara aiki gaba ɗaya a ƙarshen 2022. To amma tun 2012 gwamnati ta ba da kwangilar. Shekara goma ke nan, kuma kaso mai yawa na lokacin ya tafi ne a neman izini da ƙararrakin da ƙungiyoyin mazauna gaɓa suka shigar. Abokan aikina Turawa sukan ce zanen injin har ya tsufa kafin a dasa shi. Daga baya aka gyara doka, aka mayar da irin waɗannan ƙararraki kai tsaye gaban babbar kotun gudanarwa ta ƙasa, sannan Shugaba Macron ya bayyana a Belfort a 2022 cewa suna neman tashoshi kusan 50 a teku kafin 2050. A ganina gyaran dokar ya fi jawabin amfani.

Ɗaliba, Hull:
Yaya, abin da ka faɗa ya yi daidai da na Ingila, sai dai mu a nan farashi ne maganar. Kafin 2025 gwamnati ta riƙa ƙulla yarjejeniyar shekara 15 da mai tashar a kan tsayayyen farashi: idan kasuwa ta faɗi a cika masa, idan ta hau shi ya mayar da rarar. Da wannan tabbaci ne bankuna suka saki kuɗi, har Siemens ta buɗe masana'antar fikafikai a garin nan a 2016, Grimsby kuma, wadda aka sani da kamun kifi, ta zama mazaunin masu kula da injinan tashar iska ta Hornsea da ke cikin teku. A watan Satumba na 2023 ina cikin aji labari ya zo cewa a gwanjon ba da waɗannan yarjejeniyoyi na shekarar babu kamfani ko ɗaya da ya nemi aikin teku, domin hukuma ta tsaya a kan fam 44 duk megawat a awa alhali ƙarfe da bashi sun yi tsada. Ƴan ajinmu masu jiran ɗaukar aiki duk jikinsu ya yi sanyi. Ba a jima ba aka ɗaga iyakar zuwa fam 73, kamfanoni suka dawo.

Injiniya, Dakar:
Tashar Taiba Ndiaye da na ziyarta a Senegal a kan tudu take, injina 46 a tsakiyar gonakin mangwaro, kuma ta fi kama da abin da ake nufi a Tarka. Can ma alkawarin sayen wuta na dogon lokaci daga Senelec, kamfanin wutar lantarki na ƙasar, shi ne ya sa masu jari suka amince.

Tsohon malamin lakkol, Yamai:
Ƴaƴana, na karanta bayananku da kyau, amma akwai abin da ban ji ba. Mu da muka kwana cikin duhu a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo mana mafi yawan wutarmu, mun san cewa samar da wuta daban, isar da ita gida daban. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage mana raɗaɗi ne saboda tana bakin Yamai. Wa ya biya kuɗin wayar da ke ɗauko wutar daga teku zuwa gari?

Mai walda, Saint-Nazaire:
Baba, tambayarka tana kan hanya. A nan ba a bar wa mai tashar wannan nauyi ba. Kamfanin manyan layukan wuta na ƙasa, RTE, shi ya shimfiɗa wayar a ƙarƙashin ruwa, ta fito a gaɓar La Courance, aka binne ta cikin ƙasa har zuwa tashar rarraba wuta ta Prinquiau, kuma an gama wannan aiki kafin injin farko ya fara juyawa.