Boliyom ko enkoda: wanne ya dace da injin ƙyanƙyasa?

Autan Gida: Salamu alaikum. Ina haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da Arduino Uno, wato ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa kod ta sarrafa na'ura, da allon lamba TM1637 mai gida huɗu. Ina son in riƙa murɗa maɓalli in saita zafi a digiri 37.5 na Celsius. An ce mini sai enkoda KY-040, maɓallin da ake murɗawa yana ƙirga taki ana kuma iya danna shi, wai boliyom irin na ƙara sautin rediyo aikin 'yan koyo ne.

Baba Mai Rediyo: Wa'alaikumussalam. Wanda ya faɗa maka haka bai taɓa zama a unguwar da ake ɗauke wuta sau biyar a yini ba. Boliyom na 10k, ƙafa uku, ka kai ta tsakiya fil A0 na Uno, shi ke nan. Wuta ta tafi ta dawo, yana nan inda ka bar shi. Enkoda kuwa ba shi da tunani, da an kashe ya manta.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. Uno na karanta boliyom daga 0 zuwa 1023, kuma karatun ba ya tsayawa cak. Allon zai riƙa rawa tsakanin 37.4 da 37.5 ba wanda ya taɓa shi.

Baba Mai Rediyo: Ɗana, yi lissafi. Daga digiri 35 zuwa 40, a takin 0.1, taki hamsin ne kawai. Kowane taki ya samu kusan 20 daga cikin 1024 ɗin. Rawar a kan iyakar taki biyu take, kuma in ka ce a kod kar lamba ta canja sai karatu ya motsa da 4 ko 5, ta mutu. Enkodan naka fa? Ƙarfensa na ciki yana tsalle, ka murɗa sau ɗaya ya ƙirga uku.

Injiniya: Wannan gaskiya ne, na sha wahalarsa. Maganinsa kafasita 100nF a ƙafafun enkoda na CLK da DT, sannan a ɗaura ƙafafun a fil na 2 da na 3, waɗanda ke katse aikin Uno nan take. Masu cika kod da delay, wato umarnin jira, su ne ke rasa taki. Batun mantuwa kuma, EEPROM na nan, ma'ajiyar Uno da ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta. A rubuta lokacin da aka danna maɓallin kawai, ba kowane murɗi ba, don rubutu kusan 100,000 kowane gurbi yake ɗauka.

Hajiya Mai Kaji: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ban san kod ba. Kwana 21 ƙwai ke yi a ciki. Jikana ya taɓa murɗa min maɓalli, ban lura ba sai da gari ya waye. Wanne ne yaro zai murɗa bai yi ɓarna ba?

Injiniya: Enkoda, Hajiya. A sa sai an danne shi daƙiƙa uku kafin ya karɓi canji.

Baba Mai Rediyo: Ko a cire kan boliyom ɗin a sa a aljihu.

Autan Gida: Baba, boliyom ɗin ina da shi a tsohuwar rediyo. Enkoda sai na je Sabon Gari ranar Asabar. Bari in fara da naka, in allon ya yi rawa in turo muku bidiyo.