Entole a Yohanna 14:15: Dokoki Goma ake nufi?

Malam Ishaya: 'Yan'uwa, ni dai na tsaya a kan cewa umarnan da Yesu ya ce mai ƙaunarsa zai kiyaye, a Yohanna 14:15, Dokoki Goma ne. Kalmar Helenanci a wurin entole ce. Ita ce kuma a Markus 10:19, inda ya jera wa mai arzikin nan haramcin kisa da zina da sata. A Luka 23:56 ma, matan sun huta ran Asabar bisa ga entole.

Fasto Bulus: Malam, ayoyinka ba gyara, amma ka ɗora wa kalmar kayan da ba nata ba. Entole umarni ne kawai, kowane mai iko na iya bayarwa. A Luka 15:29, cikin misalin ɗan da ya ɓace, babban ɗan ya ce bai taɓa ƙetare entole na mahaifinsa ba. A Yohanna 11:57 manyan firistoci da Farisiyawa sun ba da entole a tona inda Yesu yake don a kama shi. Wannan ma daga Dutsen Sinai ya sauko?

Rifkatu: Baba Fasto, in ƙara. Idan Yohanna zai ambaci Shari'ar Musa, nomos yake cewa, kamar a 1:17. A 14:15 kuwa "nawa" Yesu ya ce, ya kuma fayyace a 13:34 da 15:12: a ƙaunaci juna yadda ya ƙaunace su.

Malam Ishaya: To, Ru'ya ta Yohanna 14:12 fa? Can umarnan Allah aka ce, babu "nawa".

Fasto Bulus: Wannan ta fi ƙarfi, na yarda. Sai dai 1 Yohanna 3:23 ta kira gaskatawa da sunan Ɗan da ƙaunar juna entole na Allah. Kuskuren yana faruwa ne idan mutum ya buɗe lamba 1785, lambar entole, a ƙamus ɗin Strong na kalmomin Littafi Mai Tsarki, ya ɗauki ma'anar aya guda ya shafa wa wurare sama da 60. Duba wa ya ba da umarnin, wa aka bai wa, sannan ka karanta babin gaba da baya. Kuma a fassarar Helenanci ta Fitowa 34:28, inda aka ambaci Dokoki Goma, ba entole ba ce, logos aka yi amfani da shi, wato kalmomi goma.

Rifkatu: Amma kada mu zarce, Baba. Masu cewa entole ba ta taɓa shafar Musa ba su ma sun yi tuntuɓe. A Romawa 7:7-12 nomos ita ce Shari'ar dungurungum, entole kuwa doka ɗaya ce a cikinta, ta hana ƙyashi.

Malam Ishaya: Madalla, 'yata, kin ba ni rabin gaskiyata. Na saki 14:15, amma 14:12 ta Ru'ya tana hannuna.