Barewar Sarki: Musayar Waƙa Kan Dokar Daji A Tsohuwar Ingila

Mai Tawada:

Assalamu alaikum, ma'abota baiti. Maudu'inmu shi ne dokar daji da sarakunan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka kafa a Ingila bayan shugabansu Wiliyam ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, dokar da ta mayar da barewa dabbar sarki, ta kuma sa dazuzzuka, har da gonaki da ƙauyukan da ke cikinsu, a ƙarƙashin kotuna na dabam. Barewar da ake magana a kanta ba irin tamu ba ce sak, domin namijinta ƙaho mai rassa gare shi, wanda yake zubarwa kowace shekara, amma ba mu da sunan da ya fi wannan kusa. Ƙa'ida ita ce ƙwar huɗu, babban amsa-amo "wa", kuma kowa ya ari bakin wanda ya ga dama daga mutanen wancan zamani. Ni na ari bakin sarki, wanda wani malamin coci ya rubuta bayan rasuwarsa a 1087 cewa yana son barewa kamar shi ya haife ta.

Ni ne Wiliyam da ya ƙetaro teku da runduna,
Na raba filaye ga jarumai da hakimaina,
Daji kuwa na riƙe shi, shi ne hurumina,
Ba mai shiga da baka ya je neman barewa.

A kudu na shata Sabon Daji na sa iyaka,
Ƙauye da gona duk suna ciki, har da bukka,
Ka zauna gidanka, ka manta itacen bayanka,
Reshe guda ba ka da ikon sarewa.

Wanda ya harbe ta, hukunci na riga na yanke,
Hasken idanunsa biyu shi za a ɗauke,
Ya koma gida da sanda, bakansa a sake,
Ya zama abin wa'azi ga sauran talakawa.

'Yar Masaƙa:

Malam, ka yi wa sarki baki mai daɗi, saboda haka ka saurara matar manomi ta amsa masa.

Ranka ya daɗe, ni ce matar wani manomi,
Mun shuka sha'ir da wake, mun zubar da gumi,
Garkenka ya ci da dare ya bar mu da jimami,
Ko shinge mai tsawo ba mu da ikon kafawa.

Karen da ke mana gadi sun zo sun kama,
Sun ɗora dagi a gungume, sun buga guduma,
Farce uku suka guntule, yana ta kyarma,
Don kada ya iya bin sawu ya cim ma barewa.

In hunturu ya kankama, rumbu ba hatsi,
Yara suna kuka, gida ya shiga matsi,
Nama na kiwo a ƙofa, a ce mu zama dutsi,
Da wace doka za a yi wa yunwa tsawa?

Tsohon Malamin Daji:

'Yata, waƙarki ta taɓa ni, amma ku bar ni in kare abokan aikina, domin na yi shekaru ina sintiri a gandun daji kafin in yi ritaya, kuma na san irin kallon da ake yi wa mai wannan aiki. A Ingila ta wancan lokaci dogarin daji ba shi kaɗai yake yanke magana ba. Akwai ƙaramar kotu da ke zama bayan kowane kwana 40 a gaban wasu dattawa da ake zaɓa a majalisar gunduma, akwai jarumai 12 da ke zagayen duba barna bayan kowace shekara uku, sannan alƙalan sarki su zo bayan shekaru su yanke manyan laifuka.

Ni ne dogarin daji, kullum ni ake zagi,
Ina sintiri cikin raɓa, ina bin sawun dagi,
Doka daga fada ta zo, ba ni da ikon ragi,
In na kau da kai, ni ma tara ce babu makawa.

Abu huɗu ke sa in kama mutum nan take:
Ya laɓe gindin itace da kibiya a miƙe,
Ko kare na jansa kan sawu, ko nama ya ɗauke,
Ko jini a hannunsa tun kafin wankewa.

In an tsinci mushe da kibiya a haƙarƙari,
Ƙauye huɗu na kusa za su taru da wuri,
Nama a kai wa kutare, haka ne tsari,
Kai da fata da kibiya a ajiye don nunawa.

Ɗan Maharba:

Baba, Allah ya ja da ranka, ba rashin kunya zan yi maka ba, amma akwai shafin da ka tsallake.

Baba, ka faɗi raɓa, ka tsallake zancen giya,
Da dogari kan dafa ya cika babbar tukunya,
Ya ce kowa ya saya, ko ya tare masa hanya,
Wanda ya ƙi, gobe a same shi da laifin sarewa.

Damin hatsi da ɗan tunkiya duk yakan karɓa,
Mai keken itace ya biya kafin ya wuce gaba,
Da tsaron barewa aka fake ana neman riba,
Daji ya zama rumfa a tsakiyar kasuwa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, takardun shari'ar da suka rage sun nuna cewa da yawa daga masu farautar sata ba mayunwata ba ne, domin a cikinsu akwai jarumai masu dawaki, akwai limaman coci, akwai barorin manyan gidaje, wani lokaci har da dogaran dajin kansu. A watan Agustan 1272 wata ƙungiya ta shiga dajin Rockingham ta yi abin da zan faɗa da bakin ɗaya daga cikinsu.

A Rockingham muka kutsa tun da sassafe,
Da kwari da baka da kibau masu bakin ƙarfe,
Wuni guda muna harbi, ba ɓoyo a gefe,
Uku muka kayar kafin rana ta kai faɗuwa.

Muka sare kan namijin, muka soke shi a turke,
Mazari muka cusa masa, baki ya tsaya a miƙe,
Muka juya shi ga rana, dogarai na nan a farke,
Duk mai wucewa ya gani ya san abin da muke cewa.

Dogarai suka hango mu suka ɗaga murya,
Muka amsa da kibau, suka juya baya,
Muka saɓi nama muka kama hanya,
Raini muka aika fada, babu ruwanmu da yunwa.

'Yar Masaƙa:

Yaya, ashe da mazarinmu kuka zagi sarki,
Abin da muke kaɗi da shi mu rufa muku jiki,
Kai ka biya tara ka koma gida a kan doki,
Mijina kurkuku zai kwana, ba ranar fitowa.

Gimbiyar Baiti:

Ina gaishe da iyaye da yayye. Kowa ya yi magana sai wadda ake faɗa a kanta, don haka na ari bakinta. Baitina na biyu yana nuni ne ga ranar 2 ga Agusta 1100, lokacin da kibiya ta kashe sarki Wiliyam na biyu, ɗan wancan Wiliyam, yana farauta a cikin dajin da ubansa ya keɓe.

Ni ce barewar da kuke ta jayayya a kaina,
Kibiyar sarki da ta ɓarawo ɗaya ce a jikina,
Ana tsare ni ne don wani ya ci namana,
Gadin da ake mini jinkiri ne na yankewa.

Na ga ɗan Wiliyam, jan sarki, a Sabon Daji,
An saki kibiya gare ni, ta same shi a ƙirji,
Fadawa suka watse, ba wanda ya tsaya ya ji,
Talakawa suka ɗora a amalanke suka kai gawa.

Mai Tawada:

Madalla, ƙanwata, wannan baitin na amalanke ya zauna. Yanzu na ajiye rawanin sarki na ɗauki alƙalamin magatakarda. A zamanin Henri na biyu dokar daji ta yi faɗin da har gundumar Essex ɗungurungum ta shiga ƙarƙashinta, kuma tara da kuɗin izinin noma suka zama babbar hanyar cika baitulmali, abin da ya harzuƙa hakimai fiye da yadda kukan talaka ya harzuƙa su. A ranar 6 ga Nuwamba 1217 aka fitar da Yarjejeniyar Daji da sunan Henri na uku, yana ɗan shekara 10, Wiliyam Marshal yana riƙon ƙwarya.

Ni magatakarda, na zana sharuɗɗa a fata,
Ba a ƙara kashe mutum ko cire gaɓa don farauta,
Mai hali ya biya tara mai nauyi ya huta,
Marar hali shekara da yini guda zai sha ɗaurewa.

In ya fito ya kawo masu tsaya masa su lamunta,
In babu, ya bar Ingila, ya yi rantsuwar barinta,
Zumar da ke kurmin mutum tasa ce, ya ɗebe ta,
Giyar dole ta dogarai an soke ta ga kowa.

Amma bishop ko hakimi in ya ratsa zai je fada,
Ya kashe ɗaya ko biyu, doka ta yarda,
In ba dogari kusa, ya busa ƙaho ya shaida,
Don kada a ce sata ya yi a ɓoye cikin dawa.

'Yar Masaƙa:

Na gode, magatakarda, an bar wa mijina ido,
Amma karen fa, shi ma ya fita daga bakin dodo?
Ko dai gurguntar nan ta zame masa gado,
Shi da 'ya'yansa har ranar mutuwa?

Mai Tawada:

Malama, karen bai tsira ba. Yarjejeniyar ta bar yankan farce uku na ƙafar gaba a wuraren da aka saba yin sa, sai dai ta ce a duba karnuka sau ɗaya a shekara uku, wanda aka samu karensa ba a yanke ba ya biya sule uku, kuma kada a ƙara ƙwace wa mutum bijimi a kan wannan laifi.

Tsohon Malamin Daji:

Tun da kun haɗe mini kai, bari in kira ku binciken mushe yadda doka ta tanada. A takardun shari'ar akan ga ƙauyuka sun taru sun ce ba su san kome ba, a kuma ci su tara idan mutanensu ba su hallara duka ba. Kowa ya ɗauki ƙauye guda, ya ba ni layi guda.

Ga mushe na tsinta a bakin rafi da asuba,
Kibiya a wuya, jini bai gama bushewa ba,
Ƙauye huɗu ku matso, ba zan sake ku ba,
Sai kun faɗi mai kibiyar nan bisa rantsuwa.

'Yar Masaƙa:

Mu na gabas barci muka yi, ba mu ji kome ba,

Ɗan Maharba:

Mu na yamma kibiyar nan ba mu san mai ita ba,

Gimbiyar Baiti:

Mu na kudu karnukanmu guragu ne, ba su taka dawa ba,

Tsohon Malamin Daji:

Na arewa ba su cika ba, tara ta hau su babu makawa.