Ƙurajen nan masu ɓawo kamar busasshiyar zuma, wa ɗansa ya taɓa yi?

Maman Sadiq, Kurna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wadda ta taɓa ganin irin wannan ta faɗa min yadda ta yi. Sadiq ɗina shekararsa 4, yau kwana shida da wasu ƙuraje suka feso masa a ƙasan hanci. Da farko 'yan mitsi-mitsi ne masu ruwa, na ɗauka majina ce ta cinye wurin tunda yana mura. Sai suka fashe suka yi ɓawo rawaya kamar zuma ta bushe. Yanzu sun kai haɓa da bayan kunne, ɗazu da safe kuma na ga guda biyu a hannun ƙanwarsa. Ba zazzaɓi, yana cin abincinsa yana ƙiriniyarsa. Hajiyarmu ta ce zafi ne kawai, in dafa ganyen darbejiya in yi masa wanka. Babansu ya ce a leƙa kemis. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Ummu Aisha, Ɗorayi

Wa alaikumus salam Maman Sadiq, ya mai jiki? Kamar a gidana kika tsaya kika rubuta. Daminar bara yarana uku suka yi shi a jere. Namu daga cizon sauro ya faro, yaro ya sosa har ya ɗaye, sai wurin ya kama ruwa. Likita tana kallo ta ce impetigo ne, ƙwayar bakteriya ce, kuma hannu ne ke yawo da ita daga wuri zuwa wuri. Ta ce in riƙa jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi da sabulu har ya yi laushi ya fita da kansa, kada in ɓanɓare, sannan in shafa man mupirocin sau uku a rana, kwana biyar. Babbar da nata ya yi yawa sai da aka haɗa mata da na sha na mako guda. Aikin da ya fi ba ni wuya shi ne raba musu soso da tawul, don gidanmu soso ɗaya kowa ke ja. Na yanke musu farce ƙwal, na hana su islamiyya kwana biyu bayan fara magani. Malamarsu har aike ta yi ko lafiya.

Anti Bilki, Gwammaja

In za ki kemis ki yi hattara da man nan mai haɗi uku da suke miƙo wa kowa. Ni shi aka ba ni wa Ilham. Kwana biyu jan ya kwanta, har ina yi wa mai kemis ɗin addu'a. Kafin sati ƙurajen sun ninka, fatar kumatunta ta yi fari fat kamar wadda ake wa bilicin. A asibiti aka nuna min a jikin kwalin cewa akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki. Shi yana kwantar da ja da ƙaiƙayi, amma yana raunana garkuwar fatar, ƙwayar cutar ta samu sarari. Ni da nake cuɗa shi da man kaɗanya ina mulke ta duk jiki! Har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina.

Baban Khalifa, Hotoro

Ku gafarce ni iyaye mata, na shigo muku zance, amma ba zan iya wuce wannan ba. Khalifa yana ɗan shekara 7 ya yi irin waɗannan miyaku a ƙwauri, wajen guda takwas, ƙuda na bi. Ɗan ƙwallo ne, kullum ƙafa a cikin ƙasa. Muka shafa masa shuɗin maganin nan GV, wani maƙwabci ya ce a fasa kafso ja da rawaya a barbaɗa, muka barbaɗa. A hankali suka bushe, suka bar baƙin tabo, muka manta da zancen.

Bayan kamar sati uku, wata safiya ya tashi idanunsa sun kumbura sun yi luhu-luhu. Mahaifiyarsa ta ce barci ne ya yi yawa. Da rana fuskar ta ɗan saɓe. Washegari ta dawo, takalmin makaranta kuma ya ƙi shiga. Wallahi har wani ɗan'uwana ya ce yaro ya fara ƙiba. Abin da ya tashe ni tsaye shi ne fitsari. Na raka shi banɗaki da asuba na haska fitila, na ga ɗan kaɗan ya yi, launinsa kamar baƙin shayi da aka bari ya dahu sosai. Ko karyawa ba mu yi ba na tare adaidaita sahu sai asibitin yara na Hasiya Bayero.

Da aka auna jininsa aka ce ya hau. Na ce hawan jini a ɗan shekara bakwai? Likitan bai ce komai ba, ya ɗage masa wando ya ga tabon nan, ya tambaye ni yaushe aka yi miyakun. Shi ya bayyana min cewa akwai irin ƙwayar streptococcus da in ta shiga fata, jiki kan tashi yaƙi da ita, ɓurɓushin yaƙin ya je ya toshe matatar ƙoda bayan makonni. Kwana tara muka yi a kwance. An hana shi gishiri, an ƙayyade masa ruwan sha, duk fitsarin da ya yi sai mun tara a gora an auna an rubuta. Ranar da ya cika gorar da fitsari mai haske, mahaifiyarsa kuka ta yi. Alhamdu lillahi ya warke sarai, yanzu yana aji biyu a sakandare, amma mun yi watanni muna komawa awo. Maman Sadiq, ko ƙurajen sun bushe, ki riƙa duba fuskarsa da safe da launin fitsarinsa har wata guda da ɗoriya.

Hajiya Iya, Yakasai

Jikata ce ke rubuta min. 'Ya'yan nan, kada ku mai da surukarta kamar ba ta san komai ba. Goma na haifa, da darbejiya da sabulun salo na raine su, kuma ƙurajen zafi na gaske ana wanka ana shan iska suke bajewa. Sai dai ita ma ta sani, ƙurajen zafi ba sa ɓawo, ba sa tsallakawa jikin ƙanwa. Wanda ya tsallaka ya wuce zafi. Ki je ki same ta da ladabi ki nuna mata hannun yarinyar, da kanta za ta ce ku tafi asibiti.

Maman 'Yan Biyu, Rijiyar Lemo

Namu sau uku yana warkewa yana dawowa, duk kuɗin magani ya tafi a banza. Ashe ƙazuwa ce a ƙasa. Yayansu ne ya kwaso ta daga makarantar kwana, dare ya yi kowa na susa kamar ana kiɗa. A asibitin fata na Bela aka buɗe tsakanin yatsunsu da wuyan hannu aka ce ga tushen abin, susar ce ke buɗe wa bakteriya ƙofa. Sai da aka fara kashe miyakun, sannan gida gaba ɗaya har maigida muka shafa benzyl benzoate daga wuya zuwa tafin ƙafa. Yana da zafi a fata, yaran sun sha ihu. Zannuwan gado da kaya duk na wanke da tafasasshen ruwa na baza a rana. Ranar mai garuwa ya ci kasuwa a ƙofar gidana, kura biyu na saya. Ki tambayi kanki ko akwai mai susa da dare a gidan.

Abban Yusra, Sheka

Mu a wurin aski aka samo. Kwana uku da yin ƙwal-kwabo ƙeyar yaro ta cika da ƙuraje masu mugunya, har kaluluwa ta fito masa a wuya. Tun daga nan na sayi injin aski na gida.

Sista Rabi, Gyaɗi-gyaɗi

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, kuma nawa ɗan ma bai tsira ba, maruru ya yi ta yi masa a ɗuwawu lokacin bazara. Abin da kika kwatanta ya yi kama da impetigo, amma ido ne zai tabbatar, don a wurin aiki kullum muna ganin an rikita su. Makero da ke cin gashin kai naman gwari ne, ƙarambau bairos ne, duk ba sa jin maganin bakteriya. Impetigo da maruru kuwa ƙwayoyi biyu ne ke yawan kawo su, Staphylococcus aureus da Streptococcus pyogenes. Ta farkon ma tana zaune a hancin mutane da yawa masu lafiya, shi ya sa yaro mai mura da ƙwaƙular hanci yake fara yi a nan. 'Yan shekara 2 zuwa 5 suka fi kamuwa.

Maruru kada a matse, musamman na hanci da leɓen sama. A gasa da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, in ya nuna bai fashe ba a kawo a tsaga. Wanda ba a kwana da shi a gida shi ne in wurin ya yi ja ya kumbura yana zafi kuma yana faɗaɗa, ko kusa da ido, ko ga zazzaɓi, ko yaro ya yi laushi ya ƙi abinci. Maganar Baban Khalifa gaskiya ce, kuma ko an sha magani daidai a ci gaba da sa ido. Maganin sha kuma a ƙarasa kwanakinsa, kada a ajiye ragowar kwalba wai sai ƙani ya kamu.

Maman Nana, Fagge

Sista ki ƙara da jarirai. Nana tana kwana tara, bayan suna da kwana biyu, ƙuraje masu ruwa suka fito mata a wuya da matse-matsi, gefen cibiya ya yi ja yana wari. Masu zuwa barka kowa da nasa, wata ta ce nono ne, wata ta ce a ƙara gashi. Da ta daina kama nono muka tafi asibitin Murtala cikin dare, allurai ta sha ta jijiya kwana bakwai. A haihuwar ƙaninta man chlorhexidine da aka ba ni a asibiti shi kaɗai na sa wa cibiya, ban bari an sa man goge baki ko wani abu ba.

Maman Sadiq, Kurna

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Iya, na bi shawararki, ina nuna mata hannun Ummi ta ɗauko mayafinta, tare muka je. Impetigo ne. An ba Ummi na shafawa, Sadiq kuma na sha na kwana bakwai saboda nasa ya bazu, an duba yatsunmu duka ba ƙazuwa. Yau kwana uku, na haɓar sun bushe, na bayan kunne ne da saura. Na sayo soso huɗu kala daban-daban, yanzu rigimar da ake a gidan ita ce kowa jan yake so. Baban Khalifa, tun jiya Hajiya ce da kanta take bin sa da fo tana leƙawa.