Sanata Manchin da sauyin yanayi

Baban Ummi: Jama'a don Allah ina Joe Manchin, tsohon sanatan jihar West Virginia a Amurka, ya tsaya kan sauyin yanayi? Ɗan Dimokurat ne har zuwa 2024 amma ƙuri'unsa sun ɗaure min kai.

Maman Sadiq: Malam jiharsa ta kwal ce, iyalinsa ma suna kasuwancin kwal, to me kake tsammani. A Disambar 2021 shi ya kashe ƙudirin Build Back Better na Biden, wanda ya ƙunshi matakan yaƙi da sauyin yanayi, abin ya min ciwo wallahi.

Ɗan Malam: Hajiya a yi masa adalci dai, a Agustan 2022 ya jefa ƙuri'ar amincewa da Inflation Reduction Act, dokar da ta ware kuɗi don yaƙi da sauyin yanayi, kuma ba don ƙuri'arsa ba da dokar ba ta wuce ba, 50-50 aka yi a majalisar dattawa sai mataimakiyar shugaban ƙasa ta lokacin, Kamala Harris, ta raba gardama.

Maman Sadiq: Sai da aka masa alƙawarin bututun gas na Mountain Valley fa ya yarda.